Jikka 15 ko jikka 95? Maganar gusar da injin kilim daga tagar maƙwabci

Wanga saƙon ya zo min daga wani ƙanenmu da ke zaune Banifandu nan Yamai, na ɗan rage mishi tsawo amma ban taɓa maganarshi ba.

"Salamu alaikum Kawu, ina wuni, ya iyali ya ƙoƙari. Dan Allah shawara nike nema. Ni malamin lakkol ne, ina haya shekara huɗu kenan. Shekara ukku da sunka wuce na yi ta maza na sayi kilim sipilit shabal ɗaya da rabi saboda yara, anka kafa injin waje a bangon yamma cikin ɗan lungun da ke tsakaninmu da maƙwabci, lokacin ba komi wajen sai katanga. To bara maƙwabcina Alhaji ya gina ɗaki bisa katangar ya huda taga ta lungun ya ɗauko mahaihiyarshi daga ƙauye ya sa ta ciki, tagar ta zo daidai huskar injin, tsakaninsu bai kai mita ɗaya da rabi ba. Ran Juma'a da anka sauko masallaci ya ja ni gehe ya ce Inna ba ta samun barci, ga iska mai zahi ga ƙugi, ga ruwa na ɗiga gindin ginarshi. Wallahi bai yi faɗa ba amma kunya ta kama ni. Na kira masu gyara biyu. Na farko yaro ne, ya ce jikka 15 shi gama komi cikin awa guda. Na biyu ya rubuto min debi na jikka 95, kuɗɗin hannu 25, tiyo mita 8 jikka 36, gaz 20, waya 6, sabuwar ƙafa 8, ya ce sai an zagaya da injin bayan gida. Madam ta ce mu munka riga zuwa, wanda ya huda taga shi biya. Mai gidan shina Tawa, na kira shi ya ce kilim nawa ne ba nashi ba. Kawu cikin biyun nan wa ke son cuta ta, kuma wa ya kamata shi biya? Ga bazara tahe."

Wa alaikumus salam Malam, lahiya lau alhamdulillahi, ya yara ya alli.

Ba lalle ba ne a ce akwai macuci cikinsu. Aiki biyu daban sunka yi ma kuɗɗi, yaron kuɗɗin kwance ƙarhe da ɗaukarshi ya faɗa maka, na biyun kuma ya yi maka lissahin tahiya mai nisa wadda wataƙila ba ka da bukatarta. Gaskiyar kuɗɗin tana tsakiya, kuma inda za a aje injin shi ke yanke ta, ba bakin mai gyara ba. Amma bari in fara da abin da ba ka tambaye ni ba.

Alhaji gaskiya gare shi. Mutane da yawa sun ɗauka kilim sanyi shike ƙerawa, a'a, ɗan dako ne, zahin ɗakinka shike kwasa shi kai waje shi zubar, gaz ɗin da ke yawo cikin tiyon nan biyu masu haɗa na cikin ɗaki da injin waje shi ne buhun da ake ɗaukar kayan. Shabal ɗaya da rabi irin naka shi ne masu sayarwa ke rubuta ma 12.000 BTU, wato in shina aiki da ƙarhinshi zai kwashe zahi wajen kilowat 3,5 daga ɗaki, ka ƙara da wutar da shi kanshi injin ke ci wadda ta ɗara kilowat guda kuma ita ma zahi take komawa, ka ga abin da fankar nan ke hurawa ya kai kilowat huɗu da rabi. Ka ɗauka an jera resho na kuran huɗu an kunna su bakin tagar tsohuwa an sa fanka bayansu, ku kuna ciki kun ja bargo ita tana can tana dahuwa. Ba sharri ta yi maka ba.

Kuma ko don kanka wurin nan ya lalace tun ranar da anka gina ɗakin. Injin waje numfashi shike, ta baya shike jan iska ta gaba shi hurar, in akwai bango gabanshi mita ɗaya da ɗan wani abu to iskar da ya hurar bango ke maido mishi ita shi sake shaƙa, ga kuma rana ta yamma na dukanshi tun azahar har la'asar sakaliya. Ka duba ƴar takardar da ke manne gehen injin, wasu an rubuta T1 wasu T3, mai T1 an ƙera shi don wurin da zahi bai wuce digiri 43 ba, mai T3 shi ne ke jure har 52, kai kuwa ka san Afrilu da Mayu na Yamai, 43 ɗin nan a inuwa ma muna ganinta balle cikin lungu da ya koma tanda. Sakamakon shi ne kompiresa, wato zuciyar injin mai tura gaz, na wahala, sanyi na raguwa, faktir ɗin NIGELEC na hawa, da tsakar rana ka ji ya tsaya da kanshi ya huta ya sake tashi. In ka lura da haka bazarar da ta wuce to ga dalili.

Yanzu yaron jikka 15. Ni an taɓa yi min irin wanga aikin shi ya sa nike jin tsoronshi. Shekarun baya da na tashi daga wani gida a Yantala, na kira wani yaro mai sauƙin kuɗɗi shi kwance min nawa, ina tsaye ya sa sifana ya sassauta noti sai na ji fsssss, wani farin hayaƙi mai sanyi ya turnuƙe wurin, na ce kai minene wannan, ya ce min iska ce kawai ba komi. Ashe gaz ɗina ne kaf ya tahi sama ina kallo ina murmushi. Da munka je sabon gida ya ɗaura ya ce ai dole a sa gaz, kuɗɗin gaz ɗin ya ninka kuɗɗin aikin, ya cika da ido ba sikeli ba komi, bazara ta biyu kompiresa ya ƙone. Ban ce yaron naka haka shike ba, wataƙila ya iya, amma awa guda da jikka 15 ba su ɗaukar aikin da zan gaya maka, kuma bai ambaci tiyo ba bai ambaci waya ba, sai ya kwance injin ya aje ƙasa ɗakinka ya koma gidan burodi sannan zai ce Malam kawo na kaza kawo na kaza, lokacin kuwa ba ka da bakin ciniki.

Ga yadda mai sana'a ke yi. Kahin a kwance komi ana kunna kilim ɗin shi yi aiki, a gehen injin waje akwai ƴan pampo biyu inda tiyo siriri da tiyo mai kauri sunka shiga, sai shi sa kile alen shi ruhe na siririn alhali injin na tahiya, kompiresa shi ci gaba da zuƙo gaz ɗin da ke cikin tiyo da na cikin ɗaki shina tarawa cikin cikinshi, shi kuma mai aikin shina kallon mano, wato agogon auna matsin gaz, allura na sauka na sauka, in ta kusa sihiri sai shi ruhe na mai kaurin shi kashe wuta nan take. Abin minti ɗaya ne zuwa biyu. Shi kenan gaz ɗinka ya shiga gida an kulle, ko Zinder za ka kai injin shina ciki. To in haka ne, jikka 20 na gaz da ke cikin debin na biyu na minene? Nan ne wurin da za ka tsaya ka yi tambaya, cikin ladabi ba da zargi ba. Kilim irin naka daga masana'anta shike zuwa da gaz ɗinshi, wajen kilo guda ko ƙasa da haka, adadin na rubuce a takardar nan ta gehe, kuma mahi yawansu an auna shi ne shi ishi tiyo har mita 5. Abin da ya wuce haka ana ƙara giram 15 zuwa 20 kan kowace mita. Ka yi lissahi kai malami ne, mita 8 ta ɗara 5 da ukku, ukku sau 20 giram 60 kenan, ba kilo ba. Sai fa in dama injin ya yi yoyo gaz ya ragu, wannan kuwa mano zai nuna tun kahin a taɓa komi, ka ce shi auna gabanka. In ya ragu to sai a nemi inda ke yoyo a gyara, don gaz ba man mota ba ne da ke ƙarewa da tahiya, in ka ji ana cewa duk shekara sai an ƙara gaz to akwai huda wani wuri an ƙi nemanta.

Tunda muna maganar takardar, ka karanta wane irin gaz ne, R22 ko R410A ko R32. Ba a gauraya su, ba a sa wani madadin wani. R410A matsinshi ya hi na R22 da rabi ko hiye da haka, kuma haɗin gaz biyu ne shi ya sa ake zuba shi a ruwanshi ba a tururi ba. R32 shina iya kama wuta kaɗan, kada wani shi matso da wutar sudur alhali akwai gaz cikin tiyo. R22 kuwa tsohon yayi ne, yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ana janye shi daga duniya saboda ɓarnar da shike yi ma sararin sama, ƙasashe irin namu an ba su har 2030. Naka da ka saya shekara ukku, in sabo ne ba ɗan gwanjo ba, ina kyautata zaton ba R22 ba ne.

Abu na biyu da ke raba mai sana'a da ɗan koyo shi ne injin zuƙe iska, pomp a bid suke ce mishi. In an ɗaura tiyo a sabon wuri cikinshi cike shike da iskar duniya da danshinta, dole a haɗa wanga injin shi yi ta zuƙa minti 15 zuwa 30, a kashe a jira a ga ko allura za ta motsa, in ba ta motsa ba sannan a buɗe pampunan gaz shi shiga. Masu gaggawa sai su ɗan buɗe gaz shi huro iskar ta ɗayan bakin su ce sun wanke, su ɓarar maka da gaz kuma danshin na nan. Danshin nan in ya haɗu da man kompiresa tsami shike zama, shi yi ta cin wayoyin ciki a hankali, ba yau ba ba gobe ba, sai ranar da ka manta da wanda ya yi aikin. Saboda haka tambayar da za ka yi ma duk wanda zai taɓa maka injin guda ce, kana da pomp a bid, za ka zo da shi? In ya fara cewa ai ba dole ba ne, ka ba shi na kabu-kabu ka sallame shi. Jikka 25 na hannu ga wanda zai zo da mano da pomp a bid da sikeli da yaronshi shi yi rabin yini, ni ban ga cuta ciki ba, ka nemi ragi irin na al'ada amma kada ka matse shi nan, ba nan ne kitsen shike ba.

Kitsen na ga tiyo. Jikka 36 cikin 95, ka ga ya hi kashi ɗaya cikin ukku, kuma shi ke jan waya, shi ke jan ƙarin gaz, shi ke jan soson nan baƙi da ake naɗe shi da shi. Duk mita guda da ka rage ka rage abu huɗu. Shi ya sa na ce wuri ke yanke kuɗɗi. Kahin ka yarda da bayan gida ka hita da mai gyaran ku zagaya da ma'auni a hannu. Ka tuna na cikin ɗaki can sama kusa da silin shike, hudar bango ma can sama take, tiyo sauka shike yi zuwa ga injin waje, ke nan in anka ɗaga injin sama maimakon a ja shi gehe, ba mamaki tiyon da kake da shi yanzu shi isa ko a ƙara kaɗan. In saman ɗakinka dal ne na kankare ana iya aza shi can bisa ƙafa, huskarshi na kallon hili ba gidan Alhaji ba, a yi mishi ƴar rumfa sama da shi wadda ba ta toshe mishi iska ba. In kwano ne kada ka yarda ko kusa, kwano ganga ne, ƙugin da Inna ke ji ke nan unguwa duka za ta ji, ga zahin kwanon ga yoyo da damana. In ba dal, duba kusurwa mahi kusa, sau da yawa juya kwana guda kawai ake bukata, mita 5 ta isa.

Wane bango? Yamma ita ce mahi muni, ka riga ka gani. Mutane na cewa arewa kullum inuwa, wannan maganar Turawa ce a ƙasarsu, mu nan Yamai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi da tsakar rana, amma duk da haka tana sama ƙwarai, ɗan baranda kaɗan ya isa shi kare. Gabas rana ta sahe ce mai sauƙi, sai dai hadarin damana da guguwarshi daga can suke zuwa, a ɗaure da kyau. Amma in ka rasa, ka zaɓi wurin da iska ke wucewa bisa wurin da ke da inuwa a matse, a bar mishi kamar santimita 30 ta baya, ta gaba kuwa mita biyu ba abin da ya tare. Kada a aje shi ƙasa. Wanda ya ga damanar 2020 da ta 2024 ya san ko unguwar da ke nesa da gulbi ruwa na kwanciya tsakar gida, ga rairayi ga awaki ga yara masu tura kara cikin fanka. In kuma bangon na kallon titi ne ka sa kuɗɗin keji cikin lissahi, tiyon na jan ƙarhe ne, jan ƙarhe kuwa na da masoya da dare.

Shi tiyon kanshi, ka tahi kasuwar Katako da ƙafarka ka tambayi mita nawa a shago biyu ko ukku ranar da za a yi aikin, ka ce na shabal ɗaya da rabi, siriri da mai kauri, ka ɗauki hoton takardar injin a waya ka nuna musu don kaurin na bambanta. Ka ce a nuna maka bakin da anka yanka, ka ɗan kankare da wuƙa, in ciki fari ne to alminiyom ne anka shafa ma launin kwibur, wato jan ƙarhe, shina da sauƙin kuɗɗi da rashin nauyi kuma a bakin noti shike tsagewa. Kaurin jikin tiyo na R410A ko R32 kada shi gaza milimita 0,8. In mai gyaran ya hi son shi sayo da kanshi ba laihi, ɗan abin da zai samu bisa halal ne, kai dai ka san farashi kuma ka ga kayan kahin a naɗe su. Za a ce maka a yi sudur a ƙara bisa tsohon don a rage kuɗɗi, shina yiwuwa in hannun ya iya, amma kowane haɗi wurin yoyo ne na gobe, kuma tsohon kwibur da ya sha rana taurin kai gare shi, in anka lanƙwasa shi sai shi karye ciki shi shaƙe. In ƙarin ya wuce mita guda ni sabo zan sa daga farko har ƙarshe, tsohon kuma naka ne kada ka bari a tahi da shi, ana sayenshi a kilo. Bakunan tiyo da ake buɗawa kamar bakin algaita, duka huɗun a yanke a yi sabbi, ba a maida tsohon baki.

Ƙafa jikka 8, in tsohuwar ba ta yi tsatsa ba a kwance ta a maida, sabbin kusoshi kawai. Waya kuma guda ɗaya miƙaƙƙa daga ciki zuwa waje, ban da ƙulli da salatif a tsakiya.

To mu sake lissahin da alƙalumman shi mai debin, ba nawa ba. Hannu 25, tiyo mita 5 bisa farashinshi na jikka huɗu da rabi ya kama 22 da rabi, waya ta mita 5 wajen 4, gaz babu, ƙafa babu. Ka ga mun sauko wajen jikka 50 da ƴan kai, kuma mutum guda ne zai yi aikin da kayan aikinshi guda. In ɗagawa sama ta yiwu da tsohon tiyo to ƙasa da haka ma. Ka koma gare shi da wanga lissahin, in mai gaskiya ne zai ce maka eh ko shi nuna maka dalilin da ya sa bayan gida ne kawai mafita, ka saurare shi don shi ya ga gidan ni ban gani ba.

Sai maganar wa zai biya, wadda na san ita ta hana ka barci ba tiyo ba. Kai za ka biya Malam. Madam ba ta yi ƙarya ba, kun riga zuwa, kuma huda taga ta lungun wani ba tare da sallama ba abu ne da ake iya magana kanshi, amma wannan magana ce tsakanin masu gidaje biyu, kai ɗan haya ne, mai gidan da ke da bakin yin ta ya riga ya zame daga Tawa ya bar ka. In ka ɗauko ta kai kaɗai za ka yi shari'ar da ba taka ba da mutumin da kuke haɗa sahu sau biyar a yini, saboda jikka 50. Kuma dubi yadda ya zo maka, bai aiko yaro ba, bai kai ka wajen mai unguwa ba, ya jira Juma'a ya ja ka gehe inda ba mai ji. Kai ka hi ni sanin hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe ba shina yi mishi wasiyya da maƙwabci har ya zaci zai sa shi cikin magada, kuna koya ma yara shi. Zahin daga ɗakinka shike hitowa, wadda ke shan shi tsohuwa ce da ba ta zaɓi ɗakin ba. Ita Madam kada ka ce mata ta yi kuskure, ka ce mata injin ne ke mutuwa a lungun kuma in kompiresa ya ƙone kuɗɗinshi ya hi na gusarwa nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ce kuma ita ce za ta shiga kunnenta. In da hali ku shiga gaida Inna tare da la'asar alhali kilim ɗin na kunne, ta tsaya bakin tagar minti biyu, ba sai ka ƙara komi ba.

Kada ka nemi kuɗɗi wajen Alhaji. Amma ba laihi ka gaya mishi ranar da za a yi aikin ka ce kana bukatar tsani, kuma tunda bai daɗe da gini ba wataƙila shina da ragowar siminti da mason da zai toshe tsohin hudojin, in ya ce zai kama maka da wani abu ka karɓa ka yi godiya kada ka yi ta a'a a'a, shi ma so shike shi sauke nauyi. Mai gida kuwa ka sake kiranshi, ba don kuɗɗi ba, don izinin huda sabon wuri, ka sa shi faɗa maka ta WhatsApp da muryarshi ka aje saƙon, ranar tashi in anka zo maganar kosiyon za ka gode min. Kuma kada a binne tiyo cikin bango a shahe da siminti komi kyan da zai yi, gidan ba naka ba ne, wata rana za ka kwashe kayanka.

Abu biyu cikin kukan Alhaji ma ba su jiran mai gyara. Ruwan da ke ɗiga ba daga injin waje shike ba, na cikin ɗaki ne ke tatso shi daga iska shi biyo ƴar tiyon roba, ka sayi mita biyu ko ukku ta roba yau ka ƙara ka kai ta cikin bido ko gindin shuka, a kula dai ta riƙa gangara kada ta yi ciki ruwa shi koma ɗaki. Ƙugi kuma rabinshi girgiza ce, a yanka tsohuwar taya a sa ƙarƙashin ƙafahun injin huɗu a ɗaure noti. Kahin ranar aiki ka sa shi a 26 ka haɗa da fanka, kompiresa zai riƙa hutawa, ka kashe shi tsakar dare tunda yanzu dare na da sauran sanyi.

Kada ka bari Afrilu ta same ka, lokacin masu gyaran kilim sun zama gwamnoni, waya ma ba su ɗauka. A yi shi da sassahe kuma sai akwai wuta, don tara gaz ɗin nan ba shi yiwuwa in injin bai tashi ba, in wuta ta ɗauke a jira, kada wani shi ce bari mu kwance kahin ta dawo. A ɗauki injin a tsaye kada a kwantar da shi, in an yi kuskure ya kwanta a bar shi tsaye ƴan awoyi kahin a kunna don mai shi koma mazauninshi. Tunda an sauko da shi a wanke mishi haƙarƙarin baya da ruwa mara ƙarhi, ƙurar hunturu ukku na nan maƙare. In an gama a shafa kumfar sabulu a kan notin nan duka a duba ko zai yi ƙwai, a kunna shi rabin awa kuna zaune kuna shan shayi, ka taɓa tiyo mai kauri wajen injin ka ji shi da sanyi shina zufa, in ka ga siririn ya yi farin ƙanƙara to gaz bai isa ba ko akwai inda ya shaƙe, kada ka sallame shi. Ku yi magana tun farko cewa za ka riƙe jikka 5 cikin kuɗɗin hannu har sati guda, yoyo ƙarami ba shi nuna kanshi ranar farko.

In ka karanta takardar gehen injin ka turo min abin da anka rubuta, irin gaz da giram nawa da T1 ko T3, ka gaya min kuma saman ɗakin dal ne ko kwano. A gaida Madam da yara, a gaida Inna.